Filin Tambaya da Amsa: Dokin Tseren Keke a Gasar Dogon Zango

Wasiƙun wannan karo sun taru a kan dawakan da ke tseren jan keke a Amurka da Turai, da yadda ake mayar da su dawakan dogon zango bayan sun bar fili. Ga amsoshin da masu kula da shafin dawaki suka bayar.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga bidiyon wani tsere inda doki ke jan ɗan keke mai ƙafa biyu da mutum ɗaya a kai, ba ya sukuwa amma gudun ya ba ni mamaki. An ce mini idan sun yi ritaya ana hawansu a gasar kilomita 80 har 160. Wane irin doki ne wannan, kuma anya dokin da aka horar don gudun minti biyu zai iya yini yana tafiya? (Mai karatu daga Katsina)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Wanda ka gani, in dai a Amurka, Kanada ko Ostiraliya aka ɗauki bidiyon, sunan irinsa Standardbred. Kusan dukkansu jikokin wani ingarma ne mai suna Hambletonian 10 da aka haifa a jihar New York a 1849. A 1879 aka kafa sharaɗin cewa ba a rubuta doki cikin littafin irin sai ya yi mil ɗaya, wato mita 1609, cikin minti 2 da sakan 30 ko ƙasa. Yau sun wuce nan nesa: a 2022 wani doki mai suna Bulldog Hanover ya yi mil ɗin cikin minti 1 da sakan 45 da ɗoriya, kusan kilomita 55 a awa ke nan, ba tare da sukuwa ba. Faransa na da nata irin, Rasha ma haka.

Tafiyarsu iri biyu ce. Akwai masu sassarfa, waɗanda ƙafar gaba ta dama ke tashi tare da ta baya ta hagu. Akwai kuma masu tafiyar gefe, waɗanda ƙafafun ɓangare ɗaya ke tashi tare, irin tafiyar raƙumi. Masu tafiyar gefe su suka fi yawa a filayen Amurka, a mafi yawan ƙasashen Turai kuwa sassarfa kaɗai ake tsere da ita.

Gasar dogon zango kuma wata duniya ce daban. Mafi shahara ita ce Kofin Tevis a Kalifoniya, wadda aka fara a 1955: kilomita 160 cikin duwatsu, daga kusa da tafkin Tahoe zuwa garin Auburn, cikin awa 24. A dokar AERC, ƙungiyar da ke kula da gasar dogon zango a Amurka, ana ba kilomita 40 awa 6, kilomita 80 awa 12, har da lokutan hutu. A kan hanya akwai tashoshin likitocin dabbobi, kuma dokin da bugun zuciyarsa bai sauko ba, ko yake ɗingishi, a nan ake cire shi. Ko ka riga kowa isowa, in dokinka bai ci jarrabawar likita ta ƙarshe ba, ba ka gama ba.

To, zai iya? Zai iya gamawa, kuma da yawa suna gamawa lafiya. Cinye gasa dai sai ƙalilan, domin wannan fage na dokin Larabawa ne, kuma kusan duk waɗanda suka ɗauki Kofin Tevis su ne ko ruwa-biyunsu. Abin da dokin keke ya zo da shi shi ne sanyin hali, ƙashi mai kauri, da sabo da aiki. Tun yana ɗan shekara ɗaya da 'yan watanni ake sa masa linzami da majanyi, yana yin sassarfar kilomita 5 zuwa 8 kusan kullum, ya saba da mota, da hayaniya, da a taɓa shi ko'ina. Dokin da ke cin abinci da shan ruwa a baƙon wuri ba tare da firgita ba ya riga ya samu rabin abin da dogon zango ke nema.

Tambaya: Ina zaune a jihar Ohio. Wata ƙungiyar da ke nema wa dawakan tsere sabon gida ta nuna mini wani dandaƙaƙƙen doki ɗan shekara 8, mai tafiyar gefe, wanda bai taɓa ɗaukar mutum a baya ba. Me zan duba kafin in karɓa, kuma ta ina zan fara? (Ɗan'uwanku a Amurka)

Amsa: Ɗan'uwa, fara da tarihinsa. Yana da lamba, ko tambari a gefen wuyansa na dama ko ƙwayar lantarki a ƙarƙashin fata, kuma da ita za ka samu jerin tserensa daga USTA, hukumar tseren keken dawaki ta Amurka da ke nan jiharku. Duba inda aka samu dogon giɓi. Dokin da ya ɓace daga fili wata shida ko takwas a tsakiyar ƙarfinsa, galibi jinya ya yi. Yawan tsere kuwa kada ya tsorata ka. Wanda ya yi tsere ɗari ya fito da ƙafafu lafiya ya fi wanda ya yi biyar aka ajiye shi.

Sai ka kawo likitan dabbobi naka, ba na masu bayarwa ba. Wuraren da tseren keke ke cinyewa sanannu ne: gwiwar baya, gaɓar cinya, jijiyar da ke riƙe da gaɓar da ke saman kofato, musamman a ƙafafun baya, da ƙugu. Likita zai lanƙwasa kowace gaɓa na kimanin minti ɗaya, sannan a ja dokin da sassarfa a ga ko zai ɗingisa. Shafa bayan ƙwaurinsa da hannunka. Jijiya mai lafiya siririya ce, a miƙe, ba zafi. Idan an ji kauri ko dunƙule, a yi hoton jijiyar. Ɗigo-ɗigon tabo a jere a kan ƙwauri alamar tsohuwar lalas ce da aka yi masa don wani rauni. Tsohon ciwon gaɓa da ya lafa yana iya jure kilomita 40, amma jijiyar da ta taɓa yagewa mu ba ma ba da shawarar a kai ta dogon zango.

In ka karɓe shi, ka sake shi a makiyaya wata ɗaya zuwa uku. A rage masa hatsi a hankali cikin mako biyu, a duba haƙora, a ba shi maganin tsutsa. Mafi yawan dawakan da ke fitowa daga horon tsere suna da gyambon ciki, saboda yawan hatsi da zaman barga. Idan yana tsinken abinci, yana cije-cije lokacin ɗaure majanyi, ko ya ƙi yin ƙiba, gaya wa likita. Maganin omeprazole na kwana 28 shi ne abin da aka saba bayarwa.

Kofato ma sai an sake masa tsari. A fili ana yawan barin gaban kofaton ya yi tsawo, dunduniya ta yi ƙasa, don a tsawaita taku. A kan duwatsu wannan tuntuɓe yake kawowa, yana kuma ja wa jijiya. Mai gyaran kofato zai riƙa rage gaban kaɗan-kaɗan duk mako biyar zuwa shida. Kada a gyara a zama ɗaya, domin kofato milimita 6 zuwa 10 yake tsirowa a wata, sai ya kusa shekara kafin ya sabunta gaba ɗaya.

Hawan kansa ba ya wuya, kwana kaɗan yakan ɗauka. Abubuwa uku ne baƙi a wurinsa. Na farko nauyi a gadon baya da ganin mutum a samansa: fara da kwantawa a kan sirdi daga kan wani tudu, wani na riƙe da shi. Na biyu matsin ƙafa a haƙarƙari, wanda bai san ma'anarsa ba. Haɗa shi da muryar da ya riga ya sani har ya gane. Na uku shi ne wanda ke ruɗa mutane: a fili an koya masa ya jingina da linzami, direba na ja yana ƙara gudu. Idan ka ja ka riƙe, ce masa ka yi ya tafi. Ja kaɗan ka saki, ja kaɗan ka saki, kana zaune daram, kana yi masa magana.

Tambaya: Dokina ya saba da sirdi yanzu. Sassarfarsa tana kai kilomita 20 a awa kuma ba ya nuna gajiya. Me zai hana in shiga gasar kilomita 80 nan da wata uku? (Mai karatu daga Ostiraliya)

Amsa: Malam, wannan sassarfar da kake alfahari da ita ita ce babban hatsarin dokinka, kuma a kanta aka fi lalata irin waɗannan dawaki. Sassan jiki ba sa ƙarfafa lokaci ɗaya. Zuciya da huhu suna shiryawa cikin wata biyu zuwa uku, shi kuwa naka ya taho da su a shirye daga fili. Jijiyoyi suna buƙatar wata shida zuwa shekara, ƙashi ya fi haka. Ƙafafunsa sun saba da fili shimfiɗaɗɗe, ba hawa ba gangara, ba kowa a bayansa. Yanzu ga nauyinka, ga tsakuwa, ga rairayi mai zurfi. Numfashinsa zai ce maka lafiya lau har ranar da za ka wayi gari ka tarar da ƙafa a kumbure. Doguwar sassarfa tana sa gaɓar saman kofato ta nutse sosai a kowane taku, kuma a kilomita 80 taku dubbai ne.

Lissafa da kanka. Awa 12 aka bayar a tsarin Amurka, cire kamar awa biyu na hutu, saura goma. Kilomita 8 a awa ta ishe ka gamawa. Abin da za ka koya masa shi ne sassarfar kilomita 11 zuwa 13 a awa, wuya a sake, kai a ƙasa, linzami sako-sako. Wannan ya fi koya masa gudu wuya, domin duk rayuwarsa akasin haka aka nema a wurinsa.

Tsarin da muke ba da shawara ga dokin da ya riga ya karɓi sirdi shi ne wata biyun farko tafiya zalla, minti 30 zuwa awa ɗaya, kwana huɗu a mako, ana neman hawa da gangara da ƙasa iri-iri. Gangara ce ya fi jahilta, don haka a sauko da shi a hankali har ya koyi tattara ƙafafun baya a ƙarƙashinsa. Wata na uku da na huɗu a shigo da sassarfa ta minti biyu zuwa biyar tsakanin tafiya, zango kilomita 8 zuwa 10, kwana uku a mako. Daga nan a riƙa ƙara kimanin kashi goma cikin ɗari a mako, ko nisa ko sauri, kada a haɗa biyun a mako ɗaya. Idan jimillar mako ta kai kilomita 35 zuwa 40, da fita ɗaya mai kilomita 20, kuma yana dawowa da kuzari, ya isa gasar kilomita 40. Wannan yakan kama wata shida zuwa tara. Shekarar farko a tsaya nan, kilomita 80 a shekara ta biyu, 160 kuwa kada a yi zancenta kafin ta uku. Bayan kowace gasa, hutun kwana ɗaya ga kowace kilomita 16 da ya yi.

Kowace safiya kafin abinci ka shafa ƙafafunsa huɗu daga gwiwa zuwa kofato, kana kwatanta dama da hagu. Ɗumi ko ɗan kumburi a ƙafa ɗaya kaɗai, a dakata da aiki a kira likita. Sirdi kuma a sake duba zamansa duk wata biyu zuwa uku, saboda bayansa zai canja siffa yayin da tsoka ke cikowa. Busasshen wuri a tsakiyar gumi bayan an cire sirdi, ko farin gashi da ya fara fitowa, matsi ne. Kai ma da naka aikin: ka riƙa tashi da zama a kan likkafa daidai da takunsa, kana sauya ƙafar da kake zama a kanta lokaci-lokaci, in ba haka ba ɓangare ɗaya zai ɗauki wahalar duka.

Ranar gasa kada ka tashi da ayari. Dokin da ya yi shekaru yana bin motar fara tsere, da ya ga dawaki sun zabura sai tsohon hali ya motsa. Bari su yi nisa da minti biyar zuwa goma, sannan ka fita da tafiya.

Tambaya: 'Yata tana hawan dokin sassarfa irin na Faransa a ƙananan gasanni. A tashar likita dawakan Larabawa suna wucewa cikin minti uku, namu sai ya yi minti goma sha biyar zuciyarsa ba ta sauko ba. Ciwo ne? (Wata uwa daga Faransa)

Amsa: Hajiya, galibi ba ciwo ba ne, zafi ne. Dokin Larabawa ƙaramin jiki gare shi, fata siririya, jijiyoyin jini a fili, don haka zafi na fita da sauri. Naku ya fi tsoka da nauyi, zafin da yake tarawa ya fi yawa, hanyar fitarsa ta fi ƙanƙanta. Muddin jiki na da zafi, zuciya ba za ta sauko ba, saboda ita ke tura jini zuwa fata don a huce.

Doki a hutu zuciyarsa na bugawa 28 zuwa 44 a minti. A tasha ana neman 64 ko 60, gwargwadon dokar gasar. Ku sayi abin sauraron ƙirji irin na asibiti, a ɗora shi bayan gwiwar gaba ta hagu, a ƙirga na sakan 15 a ninka sau huɗu. A gida, bayan horo, ya kamata ya sauko 64 cikin minti goma. Idan ya wuce minti ashirin yana sama da haka, aikin ranar ya fi ƙarfinsa.

Gyaran yana farawa tun kafin tasha. Saura kilomita ɗaya ta koma tafiya, saura mita 300 ta sauka, ta sassauta majanyi, ta ja shi da hannu. Da isowa a cire sirdi, a kai shi inuwa mai iska, a yi ta zuba ruwan sanyi a wuya, ƙirji, kafaɗu da tsakanin cinyoyi, bokiti bayan bokiti, har ruwan da ke gangarowa ya daina ɗumi. A ba shi ruwa ya sha, amma abinci a jira sai an auna, domin tauna na ɗan ɗaga bugun. In abokin tafiyarsa na kusa, kada a raba su. Aske gashin wuya da ƙirji kafin gasa ma yana taimakawa ƙwarai.

Akwai inda ya zama ciwo, kuma ya kamata 'yarki ta san alamun. Likita na auna zuciya, a yi sassarfar mita 40 a dawo, a sake aunawa bayan minti ɗaya. Idan na biyu ya haura na farko da yawa, doki ya gaji ko wani abu na yi masa zafi. Dasashi ya kasance jaja-jaja mai damshi, idan an danna da yatsa launi ya dawo cikin sakan biyu. Fatar kafaɗa da aka tsunkula ta koma nan take. Ciki ya riƙa ƙugi. Zafin jiki na hutu digiri 37.5 zuwa 38.5 ne; idan ya haura 40 kuma ya ƙi sauka da ruwa, tafiya ta ƙare. Haka in ya ƙi ci, ko fitsarinsa ya yi duhu kamar ruwan shayi tare da sandarewar cinyoyi. Wannan na ƙarshe lalacewar tsoka ce, dawakan sassarfa suna da saurin kamuwa da ita, kuma a irin wannan hali ba a tilasta wa doki tafiya ko taku goma.

Tambaya: Dokina ya ƙi sukuwa sam, kuma a gaban likita sai ya koma tafiyar gefe. (Mai karatu daga Kanada)

Amsa: A fili hukunta shi ake yi in ya yi sukuwa, kuma abin har cikin jini yake: a 2012 masana a Jami'ar Uppsala ta Suwidin suka gano wani sauyi a ƙwayar halitta mai suna DMRT3 wanda ke sauƙaƙa wa irin waɗannan dawaki riƙe sassarfa ko tafiyar gefe cikin gudu. Nemi sukuwar a kan hawa, a bayan wani doki, ko bayan tsallake ɗan gungume. Taku huɗu ko biyar sun isa da farko, ka yaba masa sosai. Tana da amfani don tana hutar da tsokokin sassarfa, amma ana gama kilomita 80 ba tare da ita ba.

Don sassarfa, jera sanduna huɗu zuwa shida a ƙasa, tazarar mita 1.3 zuwa 1.5, ka riƙa ratsawa da shi a hannu da kuma a kan sirdi; tafiyar gefe ba ta yiwuwa a kansu cikin sauƙi. Ɗaga kai da ɗar-ɗar ke jawo ta, don haka ka ja shi da igiya sako-sako. Gaya wa likita tun a binciken farko cewa mai tafiyar gefe ne. Amma dokin da ya saba sassarfa, ya koma tafiyar gefe a tsakiyar gasa, a duba bayansa da ƙafafunsa.

Tambaya: Ranku ya daɗe, ina sha'awar shigo da irin wannan doki Kano. Zai yi? Kuma abincinmu na gida, harawa da dusa da kanwa, zai wadatar da dokin doguwar tafiya? (Mai kiwon dawaki daga Kano)

Amsa: Alhaji, shawararmu kada ka shigo da shi don wannan aiki. Matsalarsa ta farko ko a ƙasarsa zafi ce, ga Kano tana haura digiri 40 a bazara. Wasu dawakan ƙasashen sanyi ma in an kawo su wuri mai zafi gumi ke ɗauke musu gaba ɗaya. Sannan ga cutar dawaki ta Afirka da ƙananan ƙwari masu cizo daga magariba zuwa asuba ke yaɗawa, wadda kan kashe har kashi 90 cikin ɗari na dawakan da ba su da rigakafi, ga cututtukan kaska, ga sammore a inda tsando yake. Dawakanmu na gida, masu jinin Barbar da Dongola, sun fi shi dacewa da doguwar tafiya a nan, kuma duk tsarin horon da muka zayyana a sama zai yi musu aiki.

Batun abinci, tushensa ciyawa ce: kashi 1.5 zuwa 2 cikin ɗari na nauyin doki kullum, wato kilo 6 zuwa 8 ga doki mai kilo 400. Hanjin da ke cike da ciyawa yana riƙe ruwa da gishirin da doki zai ja a kan hanya. Harawar wake ko ta gyaɗa tana da kyau, amma a haɗa ta da busasshiyar ciyawa, kuma a tabbata ba ta yi fumfuna ba. Gero ko dawa kada su wuce kilo ɗaya da rabi a ci ɗaya, a kuma rage su rabi duk ranar da ba aiki, don hatsi mai yawa a ranar hutu na cikin abubuwan da ke kawo sandarewar tsoka. Dusa kada ta zama ita ce abincin. Sinadarin fosfaras ya yi mata yawa, kalsiyam ya yi kaɗan, kuma in ta daɗe tana rinjaye ƙashi ke yin laushi. Idan ana son ƙarin ƙarfi, man gyaɗa ya fi ƙarin hatsi: a fara da cokali biyu, a kai kofi ɗaya a rana cikin mako uku.

Kanwa kuwa kada a ba shi ita a ranar doguwar tafiya. Doki na iya zubar da gumi lita 10 zuwa 15 a awa cikin zafi, kuma gumin na tafiya da sinadarin kulorayid mai yawa, abin da ke sa jininsa ya karkata zuwa ɓangaren kanwa. Ƙara masa ita ƙara ciwon ne, yana iya kai shi ga shaƙuwar da za ka ga kwiɓinsa na harbawa daidai da bugun zuciya. Gishirin girki ne ya dace, cokali biyu zuwa uku a rana cikin abinci, a ranar tafiya kuma a ƙara da haɗin gishirin dawaki mai potasiyam da kalsiyam. A ba shi bayan ya sha ruwa, a kurkure masa baki, kada a ɗura wa dokin da ya ƙi sha. A tsayar da shi a kowane ruwa mai tsabta da aka tarar a hanya, ko da yana cikin gumi, a ba shi minti biyu zuwa uku ya sha, abokan tafiya su jira shi har ya ɗago kai.